Darasi na 9: Yadda Ake Ƙirga Layukan Gicciye

In ana fitar da harsashin ɗaki, magini kan kafa fegi huɗu, ya ja igiya daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sannan ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. Muddin ya riga ya daidaita tsawon bangayen da ke kallon juna, awon nan biyu su ne alƙali. In sun zo daidai, ɗaki ya miƙe. In ɗaya ya fi ɗaya, akwai karkata, gara a gyara tun ba a zuba siminti ba. Irin wannan layi da ke haɗa kusurwa biyu waɗanda ba maƙwabtan juna ba, shi muke kira layin gicciye.

Ɗaki mai kusurwa 4 yana da layin gicciye 2. Alwatika ba ta da ko ɗaya, domin kusurwoyinta uku duk maƙwabta ne. To, siffa mai kusurwa 6 fa, irin ramukan saƙar zuma?

Kada ku yi saurin ba da amsa. Ku fito tsakar gida, ku jera tsakuwa 6 a kewaye, ku ja layi da kara daga kowace zuwa ta kusa da ita. Waɗannan su ne gefuna. Yanzu ku ɗora yatsa a kan tsakuwa guda. Ba za ta ja layi zuwa kanta ba. Ta dama da ta hagu kuma gefe ya riga ya haɗa su da ita. Uku sun fita ke nan: 6 a cire 3, saura 3. Kowace tsakuwa layi 3 take fitarwa, 6 sau 3 kuwa 18.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali da sauran aiki. Ku dubi layi guda da kyau: baki biyu gare shi. Kun ƙirga shi sa'ad da yatsa ke kan tsakuwar farko, kun sake ƙirga shi da kuka iso ɗaya bakin. Saboda haka a raba 18 gida biyu. Amsa ita ce 9. Ku zana su duka a ƙasa ku tabbatar da idonku. Wannan ya fi hadda amfani nesa ba kusa ba.

Ga ƙa'idar: a cire 3 daga yawan kusurwoyi, a ninka abin da ya rage da yawan kusurwoyin, a raba biyu. Mai kusurwa 5 tana ba da 5, kuma in kun zana su za ku ga tauraro ya fito a ciki. Mai kusurwa 8 tana ba da 20.

Aikin gida: ku nemo na mai kusurwa 7 da na mai kusurwa 10. Ta farkon ku zana ta da tsakuwa kafin ku taɓa alƙalami.