Filash ko memori ya ce "write protected": kurakuran da na gaji da gani

Kusan kullum labarin ɗaya ne. Mutum ya soka filash a kwamfuta zai tura abu, sai saƙo ya fito wai "The disk is write-protected", wato an hana rubutu a kansa, ya gwada goge fayil ya ƙi, ya gwada fomat ya ƙi, daga nan hankali ya tashi ya faɗa YouTube ya dinga bin duk bidiyon da ya ci karo da shi, kafin ya iso shago ya riga ya yi ɓarnar da ta fi matsalar farko. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya wa kwastomomi da yaran da ke koyon aiki a wajena, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wannan saƙon fa ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Wani lokaci ɗan makullin jikin kati ne, wani lokaci kwamfutar ce aka saita ta hana rubutu, wani lokaci Windows ce ta sa wa filash ɗin alama, wani lokaci kuma, kuma wannan ya fi yawa a abin da nake gani, filash ɗin ne da kansa ya kulle kansa don ya kusa mutuwa. Duk wanda ya fara gyara bai san wanne ne a ciki ba, caca yake yi.

Kuskuren farko: fara neman buɗewa kafin a kwashe kaya. Ɗan'uwa, an hana ka rubutu ne, ba a hana ka karatu ba. Indai filash ɗin yana buɗewa kana ganin fayilolinka to ka kwafe su zuwa kwamfuta yanzu-yanzu, kafin ka taɓa komai, ka fara da waɗanda suka fi muhimmanci. Sau nawa mutum zai zo min yana cewa oga jiya yana buɗewa, yau ko ganinsa kwamfuta ba ta yi. To jiyan me ka tsaya yi? Ka tsaya gwada fomat.

Sai diskpart, manhajar Windows da ake sarrafa diski da ita ta hanyar rubuta umarni, kuma a nan zan daɗe don shi ne ya taɓa cin ƙaniyata. Hanyar ita kanta ba ta da laifi. Ka buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, a matsayin admin, ka rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk da lambar filash ɗinka, sai attributes disk clear readonly. Shi ke nan, wannan ba ya goge komai. Matsalar ita ce yawancin masu bidiyo ba sa tsayawa nan, suna ƙara maka da clean, kuma clean ba ta tambayarka ko ka tabbata, kana danna enta ta share teburin fatishan, wato bayanin yadda aka rarraba diski, na duk diskin da ka zaɓa. Kuma a list disk babu suna, babu "filash ɗin Hajiya", lamba ce kawai da girma.

Wata rana ina sauri, shago a cike, hard ɗina na waje yana jone a kwamfutar, a ciki akwai direbobi da manhajojin da na tara shekara da shekaru, da hotunan biki na wata baiwar Allah da na ajiye mata kafin in sake wa wayarta manhaja. Mai bidiyon ya zaɓi disk 1, ni ma hannuna ya saba da disk 1, na rubuta clean na danna. Ashe filash ɗin a disk 2 yake. Wallahi sai da na ji zufa ta keto min. Abin da ya cece ni shi ne na tsaya cak ban yi fomat ba ban ƙirƙiri sabon fatishan ba, na kwana da TestDisk, manhajar dawo da fatishan da ya ɓace, har ya gano tsohon tsarin ya maido. Da clean all na rubuta da sai dai haƙuri, don ita tana bin diskin ne tana cika shi da sifili tun daga farko har ƙarshe. Tun daga ranar dokata a shago ita ce: kafin ka buɗe diskpart ka zare duk wani hard ko filash da ba shi ake gyarawa ba, bayan select ka rubuta detail disk ka karanta sunan da girman da ƙarfi in ji da kunnena. Yaro ya ga kamar tsanani ne, to ya gani. Kuma ku daina kwafar lambar da ke cikin bidiyo, lambar kwamfutarsa ce ba taku ba. Disk 0 kuwa yawanci shi ne wanda Windows take kai, ko da wasa kar hannunka ya je can.

Wani abu da mutane ba sa lura: diskpart zai iya ce maka "Disk attributes cleared successfully" alhali babu abin da ya canza. Rubuta attributes disk kawai ka duba layi biyun farko. In ka ga Current Read-only State yana Yes amma Read-only na ƙasansa yana No, to ba alamar Windows ba ce ta riƙe shi, kullen daga wani wuri yake, ko ka maimaita umarnin har asuba ba zai buɗe ba.

Makullin gefen kati. Babban katin SD irin na kyamara da adaftar da ake saka ƙaramin memori a ciki suna da ɗan abin turawa a gefen hagu, in ya sauka wajen da aka rubuta Lock ya kulle. Kowa ya san wannan amma kowa yana mantawa. Abin da ba a sani ba shi ne wannan ɗan robar ba ta haɗe da komai a cikin katin, abin karanta katin ne yake da ɗan ƙarfe da ke taɓa ta ya gane a sama take ko a ƙasa. Don haka in adaftar ta saki, kana tura ta cikin rami makullin zai zame da kansa, in kuma ɗan ƙarfen cikin ramin ya lanƙwashe to duk katin da ka sa zai ce a kulle yake. Ni dai ina manna ɗan siririn salatif ya riƙe makullin a sama, in bai yi ba in canza adafta. Ƙaramin memori na waya shi ba shi da makulli sam, ku daina kankare gefensa da reza kuna neman abin da babu.

Rajistiri, wato inda Windows ke ajiye saitunanta. A ciki akwai wurin da ake kira StorageDevicePolicies, a ƙarƙashinsa WriteProtect, in an sa shi 1 kwamfutar za ta hana rubutu a kan kowane filash, tun zamanin Windows XP SP2 a 2004 yake. A maida shi 0 a sake kunna kwamfuta. Amma wannan saitin na kwamfuta ne ba na filash ba, saboda haka gwajin mai sauƙi ne, sa filash ɗin a wata kwamfutar, sa wani filash a taka. In ka je ka tarar ma babu StorageDevicePolicies ɗin, to ba daga nan ba ne, ƙirƙirarsa da hannu ka sa 0 ɓata lokaci ne. In kuma kwamfutar ofis ce ko ta makaranta, mai yiwuwa da gangan masu kula da ita suka toshe, je ka same su, kar ka jawo wa kanka takardar tuhuma a kan filash.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi, faɗa da filash ɗin da ya riga ya mutu. Ƙwaƙwalwar da ke cikin filash da memori tana da iyakar yawan rubutu da gogewa da za ta iya ɗauka. Akwai ɗan cif a ciki da ke lura da ita, in ya ga wurare sun fara lalacewa da yawa sai ya rufe ƙofar rubutu gaba ɗaya don abin da ke ciki ya tsira. Alamarsa: ka gwada a kwamfuta biyu uku duk ɗaya, ko ka goge fayil ya nuna ya tafi, ka zare ka mayar ka gan shi ya dawo, ko waya ta ce ta gama fomat amma waƙoƙin suna nan daram. Wannan ba ya gyaruwa da fomat ko diskpart malam. Ba bayiros ba ne, ba asiri ba ne, tsufa ne. Amma ka faɗa wa mutum sai ya kalle ka kamar ba ka iya aiki ba, ya tafi wani shagon a karɓi kuɗinsa a ce ya dawo gobe. Masu tura fina-finai da waƙoƙi su suka fi shan wannan, katin da ake cikawa a goge kullum ai dole ya gaji da wuri, haka na cikin kyamarar tsaro da ke rubutu dare da rana, shi ya sa ake yin na musamman da ake rubuta High Endurance a jikinsu.

Daga nan sai a koma saukar da manhajojin "cire write protection a minti ɗaya". Haba jama'a. Rabinsu umarnin diskpart ɗin nan ne aka yi wa kwalliya, sauran kuma talla ce da ƙwayoyin cuta za ka kwaso wa kwamfutarka. Eh, akwai kayan aikin masana'anta na gaske, ka duba cif ɗin da ChipGenius ka ga na Phison ne ko Alcor ko SMI sannan ka nemo wanda ya dace da shi, na sha tayar da filash da su. Amma suna share komai, in ka ɗauko wanda bai dace ba filash ɗin ya tafi har abada, kuma wanda aka tayar ɗin ni ba na yarda in sa masa abu mai muhimmanci, sai dai tura fim zuwa talabijin. Wani zai ce ina da tsoro, na yarda.

Da yawa kuma tun asali jabu ne. An rubuta 64GB ko 128GB a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, amma abin da ke ciki bai fi 8GB ba, kana wuce gejin fayiloli su fara lalacewa, daga baya ya kulle. In ka ga arha ta yi yawa ka tsargu. Ni duk sabon da na saya sai na bi shi da H2testw kafin in sa komai, yana cika shi ya karanta ya faɗa maka gaskiyar girmansa, yana ɗaukar lokaci amma gara haka.

Sauran ƙanana ne. Fim ya wuce 4GB ya ƙi shiga filash mai tsarin fomat na FAT32, wannan ba kulle ba ne, kwashe kayanka ka maida shi exFAT. Filash mai NTFS a kan Mac karantawa kawai yake yi, lafiyarsa ƙalau. Memorin da aka haɗe da ƙwaƙwalwar waya, abin da Android ta kawo tun sigar 6.0 a 2015, a rufe yake da sirri, wayar nan kaɗai ke karanta shi, kar ka bari kwamfuta ta ruɗe ka da "format disk". Fayil ɗaya ne ya ƙi goguwa, duba Properties ɗinsa ka cire alamar Read-only, ba sai ka tayar da hankalin filash ɗin duka ba. Fizge filash ana cikin tura abu, ku bari don Allah. In za ka yi fomat ɗin katin SD mai lafiya, SD Card Formatter na ƙungiyar SD Association nake amfani da shi. In kana dawo da fayiloli da Recuva ko PhotoRec, a wani diskin daban za ka zuba su. Sa memori a firiza ko goga shi a jikin riga kuwa, ban san wa ya koya muku ba.

Sai na ƙarshe wanda kusan babu mai tunawa. Katin da ya kulle kansa ba ya goguwa, ma'ana hotunan iyalinka da hoton katin shaidarka da takardun banki duk suna nan, duk wanda ya tsinta zai buɗe ya gani. Kar ka bar shi a teburin mai gyara, kar ka ba yara su yi wasa da shi, kar ka jefa a shara haka nan. Ka tabbatar ka kwafe komai, ka buɗe kwafin ka ga yana aiki, sannan ka sa filaya ka karya shi gida biyu, in filash ne ka fasa robar ka farfasa baƙin cif ɗin da ke ciki.