Yadda ake ɗaga bodin motar shiga daji daga kan shasi

Ɗaga bodi ba ya ƙara tazarar da ke tsakanin aksil da ƙasa. Babban amfaninsa shi ne ya buɗe wuri a saka manyan tayoyi, su kuma tayoyin su ɗaga motar. Aikin sai motar da bodinta ke zaune kan shasi daban, irin su Hilux, Land Cruiser, Patrol da Wrangler. Wadda aka haɗe bodinta da shasi wuri guda ba ta ɗaguwa ta wannan hanya.

Inci 2, wato kusan milimita 50, ya wadatar. Masu zuwa inci 3 suna sayen wahala, domin kusan duk abin da ya haɗa bodi da shasi sai an ƙara masa tsawo, motar kuma ta ƙara tangaɗi a kwana. A nemi mazaunai, wato tubalan da ake sakawa tsakanin bodi da shasi, na alminiyom ko na roba mai tauri da aka yi don wannan aiki, da dogayen kusoshi masu lamba 10.9 a ka. Guntun bututu ko tarin washa ba mazauni ba ne. Robar asali da ke ƙarƙashin bodi tana nan a wurinta, ita ke shanye girgiza. Sabon mazaunin a kanta yake hawa.

Tun ana gobe a fesa wa kusoshin man cire tsatsa. Wasu notocin a cikin bodi suke a maƙale, idan aka yi musu ƙarfi suka ɓalle sai su riƙa juyawa tare da kusa, sai an yanka ƙasan mota kafin a kai gare su.

A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a tokare tayoyi, a cire wayar batir. A miƙe sitiyari a ɗaure shi, don idan ya juya bayan an kwance sandarsa wayar jakar iska ta kare direba a haɗari da ke ciki na iya tsinkewa. Sannan a bi duk abin da ƙafarsa ɗaya ke kan bodi ɗayar kan shasi ko inji: sandar sitiyari, bututun birki da na kuloci, wayar birkin hannu, tiyon zuba mai, tiyon lagireto da na iska, wayar da ke haɗa inji da bodi. A nan aikin yake. A sassauta maƙalansu tukuna.

A sassauta dukkan kusoshin bodi, amma na gefe ɗaya kaɗai za a zare, na ɗaya gefen su riƙe bodi kada ya zame. A ɗora katako mai faɗi a kan jak don kada ƙarfen bodi ya lotse, a ɗaga a hankali, wani na leƙa ɗakin inji. Da zarar wata waya ta miƙe, a dakata. Kada a sa yatsa tsakanin bodi da shasi; a tura mazaunin da sanda. A saka sababbin kusoshi da hannu, a sauke, a koma ɗaya gefen. Sai an gama duka an ga ƙofofi na rufuwa daidai za a ɗaure kusoshin gwargwadon ma'aunin da ke littafin motar.

Lagireto ya fi komai cin mutane. Shi yana kan bodi, fankar da inji ke juyawa tana ƙasa, don haka ya hau ya bar ta, fukafukanta su riƙa dukan murfin da ke kewaye da ita, inji kuma ya yi zafi. A sauko da lagireton daidai tsawon da aka ƙara. Sandar giya da ta ƙaramar giya su ma sun nutse, suna iya dukan bakin raminsu, giya ta biyu ko ribas ta ƙi shiga sosai ta riƙa fita. A ƙara musu tsawo ko a faɗaɗa ramin. Sandar sitiyari kuwa a saya mata abin ƙarin da aka ƙera mata, kada a yi mata walda. Bamba na kan shasi, sai an ɗaga ta da maƙalai, kuma ba a jan mota da waɗannan maƙalan.

Kafin fita a juya sitiyari iyakarsa hagu da dama, a taka birki a duba yoyo, a gwada kowace giya. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a sake ɗaure kusoshin, domin roba takan zauna su saki.