Kafin Ka Ba da Aikin Firam ɗin Keke, Ka Gama Magana a Kan Fok

Ba kowa ke ba da aikin firam ɗin keke ba, wato ƙarfen jikinsa da ake ɗaura sauran kaya a kai. Yawancin mutanen Zinder Kasuwar Dole suke shiga, su ɗauki wanda aka riga aka haɗa, su yi gaba. Masu cewa a ƙera musu nasu, ko dai dogaye ne da gwiwarsu ke dukan kan keke, ko masu ɗaukar jarkokin ruwa da suka gaji da karyewar kariya, ko kuma samarin da tsere ya shiga ransu, masu ba 'yan'uwa sautu daga Kano ko Faransa. Abin da ya haɗa su shi ne inda suke soma magana: launin fenti, yawan giya, laushin sirdi. Fok kuwa, wato ƙarfen nan mai rassa biyu da ke riƙe tayar gaba, sai a ƙarshe ake tunawa da shi, a ce wa mai aiki "ka sa mai kyau dai". Nan ɓarnar take farawa. Firam ana yanka shi ne a kan tsawon fok, shi kuma fok ana zaɓensa a kan girman taya. Wanda ya juya wannan tsari zai biya kuɗi sau biyu.

To a soma da taya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce "tayata lamba 28 ce", yana ganin ya gama bayani. Taya biyu ne ke amsa wannan suna, kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Ta baƙaƙen kekunan nan irin su Phoenix da tsohon Raleigh faɗin rim ɗinta milimita 635 ne, ta kekunan gwanjo masu zuwa daga Turai kuwa 622. Ka tsuguna ka goge ƙurar gefen tayarka, za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635 ko 54-559. Ta farko kaurin taya ce, ta biyu ita ce ta rim, kuma ita za ka rubuta wa mai aiki. Idan aka yi fok a kan 622 ka sa masa 635, robar birki ba za ta sauka daidai kan rim ba, wani lokacin ma tayar ta riƙa gugar saman fok ɗin. Kafin ka tsayar da lamba, zaga wurin masu sayar da kayan keke ka ga wacce ta fi yawa a rataye. Lamba 584, wadda ake kira 27.5, ta yi tashe a ƙasashen waje, amma ranar da ƙayar aduwa ta yaga maka ita a hanyar Mirriya, tashen nan ba zai kai ka gida ba. Ni ga mai ɗaukar kaya lamba 559 nake ba da shawara, mai waya 36: wayoyinta gajeru ne, rim ɗin ya fi jure nauyi.

Sai kauri. Siririyar tayar tsere mai milimita 25 ko 28 kwalta kawai ta sani. Da ka sauka cikin rairayin unguwa ta nutse. Ƙasarmu tana son milimita 50 zuwa sama, don haka rassan fok su buɗe yadda tayar za ta shiga a bar kamar milimita 6 kowane gefe, saboda taɓon damina.

Maganar shokzoba

Nan ne zuciya ke rinjayar hankali. Yaro ya danna kan keke ya ga yana lotsawa yana dawowa, shi ke nan ya ɗauka ya samu na manya. Fok mai shokzoba na araha ba komai a cikinsa sai sifirin da ɗan giris, babu man da ke tare shi kada ya yi tsalle bayan ya lotsa. Nauyinsa yakan kai kilo biyu da rabi, alhali sandararren fok na ƙarfe bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ƙura ce. Ƙurar hunturu tana bin robar da ke bakin bututun ta shige ciki, ta haɗu da giris, ta riƙa cin ƙarfen duk lokacin da ya motsa. Bayan wani lokaci sai ka ji ƙwas-ƙwas idan ka kama birki, ko kuma ya ƙame gaba ɗaya, ka koma kana jan nauyin banza.

Ko masu tsadar ba su tsira ba. Kamfanin RockShox, mai ƙera fok masu shokzoba, da kansa ya ce a buɗe ƙasan fok ɗinsa a canza mai duk bayan awa 50 na hawa. Wanda ke hawa awa biyu a rana, kafin wata ya cika lokacin ya yi ke nan. Wa zai buɗe maka? Ina za ka samo man da robobin? Idan kana da amsa, kuma kana cikin masu hawa duwatsun gefen gari don wasa, sayi abinka, ka nemi mai makullin da ke tsayar da shi idan ka hau kwalta. Idan kuwa zuwa kasuwa ne, da gona, da ɗibar ruwa, sandararren fok na ƙarfe ya fi maka. A cikin rairayi ba shokzoba ke kawo laushi ba, taya mai kauri da aka ɗan rage wa iska ce. Ka duba keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke rabawa a karkarar Afirka: an yi kariyarsa ta ɗauki kilo 100, jarka huɗu ke nan masu lita 25, kuma fok ɗinsa sandararren ƙarfe ne.

Daga kuskuren sayen shokzoba na araha ake faɗawa na biyu. Shokzoba ya mutu, sai a cire a sa kowane fok aka samu a tarin gwanjo, muddin ya shiga. Ba a auna tsawonsa daga tsakiyar taya zuwa inda ya haɗu da firam. Sandararren fok na tayar 559 yakan yi kusan milimita 395, amma firam ɗin da aka yi don shokzoba mai lotsawar milimita 100 yana neman kusan 440 ko fiye. Duk milimita 20 da ka rage, gaban keken ya miƙe da kusan digiri ɗaya. Sai ka ji kan keken ya yi rawa, ɗan motsi kaɗan ya karkace, feda kuma ta matso ƙasa tana dukan dutse. Idan aka yi akasin haka, aka sa dogon fok a firam ɗin da ba a yi don shi ba, duk wahalar tana taruwa ne a waldar da ke bayan bututun gaba, wanda wuyan fok ke shiga cikinsa, kuma nan ne firam ke tsagewa. Gyaran ba wuya: ka auna tsohon fok kafin ka yar, ka nemi mai tsawon da ya dace, in kuma sabon firam ne ka faɗa wa mai aiki tun ranar farko wane iri za ka sa.

Lanƙwasar da rassan fok ke yi zuwa gaba ba ado ba ce. Ita ke tura tsakiyar taya gaba da milimita 40 zuwa 50, kuma da ita da karkatar bututun gaba ne ke sa keke ya riƙe hanya ko da ka saki hannu. Shi ya sa fok ɗin da ya lanƙwashe baya a karo ba abin da za a taka da ƙafa a ce ya miƙe ba ne. Ƙarfen ya riga ya ji, canza shi. Kekunan da ke zuwa cikin kwali kuma ana juya fok ɗinsu baya don su shiga, wasu masu haɗawa sai su ɗaure shi a haka. Alamarsa, yatsun ƙafarka na taɓa tayar gaba idan ka sha kwana, birkin faifai kuma ya koma dama maimakon hagu.

Wuyan fok

Bututun da ke shiga cikin firam ba kauri ɗaya ba ne. Akwai mai milimita 25.4, akwai mai 28.6, akwai na zamani da ke farawa da 28.6 a sama ya buɗe zuwa inci ɗaya da rabi a ƙasa. Wani yana da zaren ɗaure noti, wani sumul yake, ana matse shi ta waje. Mu nan muna da ƙarin tarko: tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot da Motobécane na kafin tsakiyar shekarun 1980 da nasu awon suka zo. Sandar da ke riƙe kan keke a wurinsu milimita 22.0 ce, ta yawancin sauran ƙasashe 22.2. Ido ba ya ganin bambancin, guduma kuma takan sa ta shiga, amma ta shiga ne ta hanyar buɗa bututun da ranka ke rataye a kansa.

Kada ka yarda a yanke wuyan sabon fok ranar da aka haɗa keken. A cika tsawon da zobba, ka hau mako ɗaya ko biyu, ka ji inda bayanka ya huta, sannan a yanke. Wanda aka yanke ya gajarce ya tafi ke nan. Idan mai aiki ya ce, "Alhaji, ba komai, sai in ƙara masa guntun bututu in yi walda," ka ce masa, "A'a maigida, a bar shi, zan nemo wani." Haka nan in ya ce zai liƙa wa fok ɗin da aka yi don birkin roba kunnen birkin faifai. Birkin faifai reshen hagu kaɗai yake murɗawa, kuma fok ɗin da aka yi dominsa an ƙara wa wannan reshen kauri tun daga masana'anta.

Fok na kabon, wato wanda aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe, ba zan daɗe a kansa ba. Ba shi da nauyi, wasu ba su kai rabin kilo ba, amma yana tsagewa ta ciki ba tare da ya nuna ba, kuma ana ɗaure shi ne da sifana mai auna ƙarfi, wajen 5 Nm a ma'aunin ƙarfin murɗawa, ba da ƙarfin damtse ba. Keken da za a ɗaure da igiya a saman motar Magarya a ɗora masa buhu bai dace da shi ba. Na gwanjo kuwa, wanda ba ka san faɗuwar da ya yi a hannun mai shi na farko ba, ko kyauta ne ni ba na so.

Shi kansa firam ɗin, a tambayi mai aiki abu biyu: wane bututu, wace walda. Bututun keke na gaske, irin ƙarfen da ake kira 4130, kaurin bangonsa a baki kamar milimita 0.9 ne, a tsakiya 0.6. Waldar lantarki ta ƙofa da taga huda shi take yi. Wannan sai waldar gas da tagulla, ko injin waldar da ake kira TIG. Mai waldar da ba shi da waɗannan zai koma bututun kujera ko na famfo mai kauri, kuma ba laifi ba ne in keken dakon kaya ne da ba ruwansa da gudu, amma ka san abin da ka saya. Alminiyam kuwa, musamman 6061, bayan walda sai an gasa shi a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo, don haka wanda aka liƙa a bakin titi kada ka ɗora masa yaro.

Awon jiki ma ana kuskure a kai, don mutane tsawonsu kawai suke faɗa. Tsawon ƙafa ake so. Cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama kamar kana zaune kan sirdi, wani ya ja layi a bangon daidai saman littafin. Daga ƙasa zuwa layin, in ka samu santimita 86 misali, ka ninka da 0.65, firam ɗin kwalta na kusan santimita 56 ke nan. Idan ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, a samu akalla yatsa biyu tsakaninka da sandar sama. Mai yawan hawa da doguwar riga ya ce a sauko masa da sandar tun farko. Kunnuwan ɗaura kariya, na gaba da na baya, da na tsayar da keke, su ma a faɗe su yanzu. Tun ran gini ran zane, bayan fenti duk wata walda ƙona shi za ta yi.

Duk waɗannan lambobi a rubuta su a takarda, da milimita, kowa ya riƙe kwafi kafin a ba da kafin alƙalami. Mai ba da sautu daga nesa kada ya dogara da saƙon murya na WhatsApp; ya ɗauki hoton kowane ƙarfe da abin awo a jikinsa. Ya kuma nemi firam da fok da boris ɗin wuya daga hannu ɗaya, don kayan da ya iso Zinder bai dace ba, kuɗin mayar da shi yakan fi kuɗinsa.

Ranar karɓa ka je da zare, kuma ka ce a nuna maka firam ɗin kafin a fesa fenti, tunda fenti na rufe ramin walda. Ɗaura zaren a inda tayar baya ke zama ta hagu, ka zagayo da shi ta bututun gaba, ka dawo ka ɗaure ta dama. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin ya wuce milimita biyu ko uku, firam ɗin a karkace yake, zai riƙa cin taya gefe ɗaya yana janka gefe. Bayan an haɗa, kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, ɗayan hannun yana kan inda fok ya shiga firam. In ka ji motsi, boris bai ɗauru ba. Ɗaga gaban kuma ka juya kan keken hagu da dama: ya tafi sumul, ba tare da ya maƙale a tsakiya ba. Cikon kuɗin sai bayan ka ɗora masa irin kayan da za ka riƙa ɗauka, ka bi da shi ta rairayi da kwalta, ka dawo ka sake duba waldar da ke ƙarƙashin bututun gaba ko fentin wurin ya tattare.