Yadda ake toshe hanyar da muguwar manhaja ke bi ta rediyon FM zuwa waya

Rubutun nan da ke gudu a fuskar waya idan ka kama tashar FM, mai nuna sunan tasha ko na shiri, ta wata siririyar hanya yake zuwa da ake kira RDS. Bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) 1187.5 kacal take ɗauka a daƙiƙa, kuma ba ta tantance wanda ya aiko. A 2013 masu bincike uku, Fernandes, Crispo da Conti, sun nuna ana iya yanka muguwar manhaja gunduwa-gunduwa a turo ta nan zuwa wayar Android, ba tare da an bi ta intanet ba.

Sai dai gunduwar ba ta haɗa kanta. Dole a sami ɗan hannu a cikin wayar, wato manhajar da za ta tsince ta ta harhaɗa. A nan na sha ganin mutane suna faɗawa. Mutum zai ce rediyon wayarsa ba ya kama tasha da kyau, sai a turo masa wata manhajar rediyo a fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake sanya manhajar Android da shi, ya sanya. Ya duba da antibayros, ta ce lafiya lau, hankalinsa ya kwanta. To ai lafiya lau ɗin ce a ranar, domin cutar ba ta iso ba tukuna.

Saboda haka fara da shara. Buɗe jerin manhajojinka, duk rediyon da ba da shi wayar ta zo ba kuma ba ka san maƙerinsa ba, goge shi. Ni ko na kyauta ne mai kyan gani ba na ɗaga masa ƙafa. Rashin kama tasha galibi daga iyafis ne, domin igiyarsa ce eriya. Warware ta ka miƙar, ko ka canza wata, ya fi araha a kan gyaran waya.

Daga nan shiga saiti ka janye izinin sanya manhaja daga waje ga burauza da manhajojin hira, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi wa wayar rutin, wato buɗe ta don samun cikakken iko a kan tsarinta, domin in ka yi, kai da kanka kake ɓalle katangar da maharin ke fama da ita.

Sabuntawar tsaro kuwa, ranar da ta zo ka sauke ta. Idan wayarka Android 12 ce ko sama kuma tana da maɓallin kashe 2G, kashe 2G ɗin ma, ko da yake wannan ba hanyar FM ba ce, domin jabun turakun sadarwa ta nan suke jan waya su cusa saƙon tes.