Ina harshenka yake zaune yanzu? Yadda ake horar da shi saboda minshari, barci da muƙamuƙi

Kafin ka ci gaba da karatu tsaya tukuna, kar ka motsa komai a bakinka, ka ji ina harshenka yake yanzu haka. Yana manne da ganɗa a sama ne, ko yana kwance a ƙasa kamar tabarmar da aka shimfiɗa aka manta da ita? Baki rufe yake ko akwai ƴar kafa? Ni dai ranar da na fara yi wa kaina tambayar nan kwance na same shi, baki a sake, kuma ashe shekara da shekaru haka nake yawo.

Minshari ne ya kai ni ga maganar. Kun san zafin Damagaram a watan huɗu da na biyar, ɗaki ba ya shiguwa, kowa ya jawo katifa tsakar gida, to a nan asiri ke tonuwa. Uwargida ta daɗe tana faɗa ina cewa sharri ne, sai da maƙwabcina ya ce min a fada gaban jama'a, ana tsakiyar shan shayi, wai Malam injin niƙan da ka saya da dare kawai yake aiki? Aka yi ta dariya har da ni, amma abin ya tsaya min a rai.

To ga yadda abin yake. Harshe ba ɗan guntun nan da kake gani a madubi ba ne kawai, tsoka ce babba, kala takwas a haɗe, tushenta yana kama da cikin haɓa da wani ɗan ƙashi a wuya, kuma bayansa shi ne bangon gaba na maƙogwaro inda iska ke wucewa. In ka yi barci duk tsokar jiki na saki, shi ma ya saki, in kana rigingine sai ya zame baya ya matse hanya. Iska ta zo wucewa ta ƙaramar kafa sai ta dinga kaɗa naman nan mai laushi na ƙarshen ganɗa da beli, ƙarar da ake ji kenan. In kuma baki a buɗe yake abin ya fi muni don muƙamuƙin ƙasa yana faɗawa ƙasa da baya ne, ya ja harshen ya tafi da shi. Shi ya sa mai barci baki buɗe yake tashi maƙogwaro a bushe ƙamas, baki na wari, kai na nauyi kamar bai kwanta ba.

Mazaunin harshe na gaskiya ba shi da wuyar samu. Ka ce "nnn" kamar za ka ce nono, inda kan harshenka ya taɓa, ɗan tudun nan da ke bayan haƙoran sama na gaba, nan ne wurin. Kar ya dafa haƙoran kansu, ɗan baya kaɗan. Daga nan sai ka haɗiye miyau ka ji yadda tsakiyar harshen da bayansa suke hawa su manne da ganɗa, to ka bar shi a nan, ba da ƙarfi ba, kamar yadda ganye ke mannewa a jiƙaƙƙen tulu. Leɓe a rufe ba tare da matsewa ba. Haƙoran sama da na ƙasa kuma kada su haɗu, a bar ƴar tazara kamar milimita 2 zuwa 3. Wannan na ƙarshen mutane da yawa ba su san shi ba, suna zaton rufe baki shi ne datse haƙora. A'a. Haƙora ba sa haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya, duk sauran yini hutawa ya kamata su yi.

Amma fa kar ka fara komai sai ka duba hancinka, nan ne yawancin mu za mu maƙale. Wanda hancinsa ke toshe ko ka ɗaure masa baki da rawani sai ya buɗe, ai numfashi ba a yi masa haƙuri. Ga mu kuma a garin da hunturu ke sauke mana ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Chadi, hazo ya rufe gari har daga unguwar Birni ba ka hango ta Zango, mura da atishawa wata uku cur. Gwada wannan, rufe baki ka yi numfashi ta hanci kawai minti 3 kana zaune. In ka yi ba wahala to hanyar a buɗe take, sabo ne kawai ya sa kake buɗe baki. In ka ji kamar za ka shiƙe to gyaran hanci ne farkon aikinka. Ruwan gishiri na wanke hanci, wanda ake sayarwa a farmasi cikin ƴan ƙananan robobi, ko ka haɗa da kanka, gishiri giram 9 cikin litar ruwa ɗaya, wajen rabin ƙaramin cokali kenan a kofi guda, amma ruwan a tafasa shi ya huce tukuna, kar a ɗebo daga randa ko jarka a ɗura a hanci. Safe da dare. Mu da muke shaƙa ruwa mu fyace a alwala ba baƙon abu ba ne gare mu. Maganin fesawa ɗin nan mai buɗe hanci nan take shi ne zan ce a yi hattara da shi, in ka wuce kwana 3 zuwa 5 kana fesawa sai hancin ya koma toshewa fiye da da, ka zama bawansa. In toshewar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ko gefe ɗaya ne kullum, a je a ga likitan hanci da maƙogwaro.

Me ya sa ake nacewa kan hanci? Shi ne ke tace ƙura, ya ɗumama iskar ya jiƙa ta kafin ta kai huhu, baki ba ya yin ko ɗaya cikin ukun nan yadda ya kamata. Kuma bakin da ya bushe ba miyau shi ne gidan ruɓewar haƙori da ciwon dasashi.

Yanzu horon kansa. Ba ni na ƙirƙiro ba, a Brazil ne aka fi yin aiki a kai, likitocin jami'ar Sao Paulo. A 2009 sun gwada da mutum 31 masu ɗaukewar numfashi a barci matsakaiciya, wata 3 ana yi kullum, waɗanda suka yi horon na gaske ɗaukewar ta ragu da kusan kashi 39 cikin ɗari. A 2015 suka sake da masu minshari, minti 8 sau uku a rana, wata 3, yawan minsharin ya sauka da kashi 36. Ka lura fa, raguwa aka ce, ba a ce ya tafi ba. Ni na ɗaura nawa da salla don kar in manta, bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha.

Na farko, sa kan harshe a ɗan tudun nan na bayan haƙoran sama, ka danna, ka ja shi baya yana gugar ganɗa har iya inda zai kai, ka dawo. Sau 20. Na biyu ka tsotse harshen gaba ɗaya ya manne sama, kamar za ka yi ƙarar nan da ake kiran jaki ko doki da ita amma kar ka sake, ka riƙe kana dannawa, shi ma 20. In ka iya buɗe baki a hankali harshen na nan manne bai faɗo ba to ka fara ƙwarewa, ni sai da na yi sati biyu kafin ya yarda. Na uku akasin haka ne, kan harshe ya dafa bayan haƙoran ƙasa, ka danna bayan harshen ƙasa, 20. Na huɗu shi ne aka fi yi min dariya a gida, ka tsaya gaban madubi ka buɗe baki ka ce "aaa" a gutsure a gutsure kana kallon beli yana ɗagawa sama, 20, bayan ƴan satuttuka za ka iya ɗaga shi ko ba murya. Sai na kumatu, wanke hannu da sabuni ka sa yatsa cikin baki ka tura kuncin waje shi kuma kuncin yana matso yatsan ciki, 10 kowane gefe. Wajen cin abinci kuma a dinga tauna ta gefe biyu, ba kullum ɓangare ɗaya ba, a haɗiye harshe na sama baki a rufe ba tare da yamutsa fuska ba.

Kwanakin farko za ka ji gajiya ƙarƙashin haɓa, wannan ba komai, tsoka ce ke aiki. Amma in zafi ka ji a gaban kunne, inda muƙamuƙi ke haɗuwa da kai, to ka matsa da yawa ko kana cije haƙora ba ka sani ba, sassauta.

Wani abin da ya ba ni dariya, a Suwizalan an taɓa sa masu minshari da ɗaukewar numfashi a barci su koyi busa wani dogon bututun katako na mutanen asalin Ostareliya, mutum 25 aka ɗauka, 14 daga cikinsu suka yi busar wata 4, aka buga sakamakon a 2006, barcin rana ya ragu musu, matansu da mazajensu ma suka samu sauƙin kwana. Busar tana buƙatar ka cika kumatu kana hurawa kana jan iska ta hanci lokaci guda, wato dai abin da masu algaitar fadar Sarkin Damagaram suke yi tun kaka da kakanni, ka ga kumatu kamar ƙwarya sauti bai yanke ba. Duk ranar hawan salla in na gan su sai na tuna.

Maganar muƙamuƙi, masu tashi da safe su ji gefen fuska ya gaji, ko yana ƙas ƙas in sun yi hamma, ko ciwon kai ta wajen gefen goshi, sau da yawa cije haƙora ne, da rana in rai ya ɓaci ko ana kan moto cikin zirga zirga, da dare kuma a barci. Zaman harshen nan da na faɗa yana taimakawa da rana don in harshe na sama a sake haƙora na rabuwa da kansu. Ka sa wa kanka alama, duk sanda ka ɗauki salula ka duba, leɓe rufe, haƙora rabe, harshe sama. Mai irin wannan ciwon ya ɗan huta da cingam, da goro mai tauri, da fasa goriba ko aya da haƙori har ya lafa, ya dinga gasa wurin da tsumma mai ɗumi. In bakin ya taɓa maƙalewa ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi rufuwa wannan na likitan haƙori ne.

Samari kuma masu kallon TikTok, na san kun ga abin da ake kira miyuwin, wai ka danna harshe sama wata shida haɓarka ta fito kamar ta ɗan wasan fim. Sunan daga wani likitan haƙori ne ɗan Ingila, John Mew, wanda hukumar likitocin haƙori ta ƙasarsa ta karɓe masa lasisi a 2017. Ƙanena, in ka gama girma ƙashin fuskarka ya riga ya zauna, harshe ba zai sassaƙa maka sabuwa ba, hotunan kafin da bayan nan rama ce da haske da yadda aka karkata kai. Masu dannawa da ƙarfin tsiya ciwon muƙamuƙi kawai suke saya wa kansu.

A yara ne maganar siffar fuska take da gaskiya, don su ƙashinsu yana kan girma. Wani mai bincike Egil Harvold a Kalifoniya ya toshe wa ƴan birai hanci a shekarun 1970, suka koma numfashi ta baki, haƙoransu da muƙamuƙinsu suka tashi a karkace. Yaron da kullum baki buɗe harshe a ƙasa, ganɗarsa kan tashi a matse da zurfi, haƙora su rasa wuri su hau juna, fuska ta yi tsawo. Iyaye mata ku ne kuke ganinsu suna barci, in yaro yana minshari kusan kullum, yana juye juye, miyau a matashin kai, yana fitsarin kwance bayan ya wuce shekarunsa, mushe na cewa ba ya natsuwa a lakwal, kar a tsaya ana ta "rufe bakinka" ana dungurinsa. Galibi naman bayan hanci ne ko ƴan ƙululun nan biyu na gefen maƙogwaro suka kumbura suka tare hanya, a kai shi likita a duba. Kuma don Allah ba aikin wanzami ba ne, cire beli ba ya taɓa waɗannan, sai dai a jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Tsotson yatsa da bibiro a yi ƙoƙarin raba shi da su kafin shekara 3 zuwa 4, in ya daɗe haƙoran gaba sai su ƙi haɗuwa. A bar yara su tauna abu mai ɗan tauri daidai shekarunsu, rake, ƙuli ƙuli, kilishi, dabino, ba kullum koko da biskit ba.

Saura abu ɗaya wanda ya fi duk na baya nauyi. Hajiya, in maigida yana minshari sai ki ji tsit, numfashi ya tsaya, can ya yi wata irin shaƙuwa ya ci gaba, ki ƙirga. Tsayawar sakan 10 ko fiye ita ce ake lissafawa, in ta kai 5 zuwa 15 a awa ɗaya ƙarama ce, 15 zuwa 30 matsakaiciya, sama da 30 mai tsanani. Wannan tana tare da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma ita ce ke sa mutum gyangyaɗi da rana tsaka, ka tuna direban da zai ja mota daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900. Mai irin wannan motsa harshe ƙari ne kawai a kan magani, babban maganin shi ne injin nan mai hura iska ta hanci da dare, da rage ƙiba in akwai tumbi da kaurin wuya, da barin taba da maganin sa barci. Liƙe baki da salatif da wasu ke yi kafin kwanciya kar mai wannan ya gwada, kar mai toshewar hanci ya gwada, yaro kuwa ko kusa.

Abin da kowa zai iya yi daren yau shi ne kwanciya ta gefe, hannun dama dai yadda aka koya mana tun muna yara, a sa matashin kai a baya don kar a mirgina rigingine. Ni yanzu ina wata na biyar da horon, uwargida ta ce ƙarar ta koma rabi, ranar da mura ta kama ni kuma injin niƙa yana dawowa aiki yadda yake, kuma da na yi sakaci sati uku lokacin azumi sai da ta tuna min.