Kurakuran masu fara karatun Girkawa kan adalci da ƙarfi

Na gaji da cin karo da jimlar nan: wai Aflatun, masanin falsafar Girka, ya ce adalci shi ne abin da ke amfanar mai ƙarfi. Ba ra'ayinsa ba ne. Tarasimakus, ɗaya daga cikin masu muhawara a littafinsa Jamhuriya, shi ne ya faɗa a kashin farko, ana hira a gidan dattijo Kefalus, kuma Aflatun ya kawo maganar ne don malaminsa Sukurat ya yi mata kaca-kaca. Sukurat ya ce likitan ƙwarai lafiyar majinyaci yake nema, haka ma shugaba da talakawansa. Tarasimakus ya mayar masa da cewa makiyayi ba don son tumaki yake kiwata su ba. Aka yi ta kai ruwa rana har ya jiƙe da gumi, kunya ta kama shi.

Wani ɗalibina ya ɗora babi guda a kan wannan jimla. Kwafo ta ya yi daga intanet, littafin ko buɗe shi bai yi ba. Dole muka rushe babin, lokacinsa da nawa suka tafi a banza. Haba malam! Littafin muhawara ne, ta yaya za ka ɗauki bakin abokin gardama ka liƙa wa marubuci? Ni da fensir nake karatu, duk inda mai magana ya canja sai na rubuta sunansa a gefen shafi.

Haka ake yi wa Tusididis, marubucin tarihin yaƙin Atina da Sparta. A shekarar 416 kafin Miladiyya jakadun Atina suka gaya wa mutanen tsibirin Melos cewa mai ƙarfi yana yin abin da zai iya, mai rauni sai haƙuri. Masu gaggawa nan suke rufe littafi, su ce ga aƙidar marubucin. Ku ci gaba mana. Atina ta karkashe mazan Melos, ta bautar da mata da yara, sannan labarin da ya biyo baya kai tsaye shi ne yaƙin Sisili, inda rundunarta ta hallaka a 413. A ganina da gangan ya jera su haka.

Kada kuma a haɗa Kalikilis, mai gardama da Sukurat a wani littafin Aflatun, da Tarasimakus: na farko cewa ya yi raunana ne suka ƙirƙiro doka don su daure masu ƙarfi, na biyu ya ce masu mulki ne ke tsara ta don kansu. Furotagoras, wani masanin Girka, ya ce mutum ne ma'aunin komai, amma bai ce a yi watsi da dokar gari ba. Dimokuraɗiyyar Atina kuwa babu mata, bayi da baƙi a cikinta, kuma kotunta ce ta yanke wa Sukurat hukuncin kisa a 399.