Yadda Ake Haɗa Fim ɗin Dodo da Jarumi Mai Sulke a Jos da Kuɗi Kaɗan

Tokusatsu kalma ce ta Japanawa da ake kiran finafinan da aka gina su kan dabarun ɗaukar hoto, inda mutum yake shiga rigar dodo ko sulken jarumi, a ƙera masa ƙananan gine-gine da za su fito a kyamara kamar birni na gaske. Eiji Tsuburaya ne ya tsara dabarun fim ɗin Godzilla na 1954, wanda Haruo Nakajima ya fito a cikinsa a matsayin dodon, sanye da riga mai nauyin kimanin kilo 100. Abin da ya ba wannan dodo kwarjini shi ne wurin da aka ajiye kyamara da saurin da aka ɗauki hoton, kuma waɗannan biyun suna hannun duk matashin da yake da waya mai kyau a Jos.

Fara da rigar, domin ita ce za ta ci maka lokaci. Ka sa tela ya ɗinka maka riga da wando masu kama jiki daga yadi mai miƙewa, ko ka nemi kayan motsa jiki na gwanjo a kasuwar Katako. A kan wannan za ka ɗora sulken, wanda ake yankawa daga robar nan da masu takalma suke yin silifas da ita. Ka fara zana kowane sashe a kwali, ka gwada a jikin ɗan wasan, sannan ka yanka robar, ka ɗumama ta kaɗan don ta lanƙwasu, ka haɗa da gam ɗin masu gyaran takalmi. Ka yi aikin gam ɗin a tsakar gida inda iska take, saboda warinsa yana sa jiri. Kafin fenti, ka shafa farin gam na kafintoci sau biyu ko uku ka bari ya bushe, in ba haka ba robar za ta shanye fentin ta bar shi dishi-dishi. Tsohuwar hular kwano ta ɗan acaba ta isa ta zama kan jarumi, ƙananan ƙwayayen tocila kuma su zama idanunsa. Shi kuwa dodo, soson katifa ya fi dacewa da shi, amma ka bar gwiwa da hammata ba kauri, ka kuma buɗe masa kafar gani da numfashi a wuya.

Sai batun birnin da dodo zai rushe. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kashi 1 cikin 25, wato bene mai tsayin mita 10 zai zama santimita 40 na kwali ko falle-fallen katako. Kada ka bar ginin fes. Ka yi masa tsatsar kwano, da tabon ruwan sama a bango, da wayoyin lantarki na zare, da allon shago da Hausa, domin ido yana gaskata abin da ya saba gani a unguwa. Inda kake so ya karye, ka tsaga shi ta ciki tun da wuri, ka zuba toka ko garin rogo don ƙura ta tashi.

A nan ne mafi yawan masu farawa suke yin asara, kuma ina roƙonka ka dakata ka fahimci lissafin. Ƙaramin gini idan ya rushe nan da nan yake kai ƙasa, shi ya sa yake tona asirin kansa. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, don haka sai ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 25 ɗin nan na ma'aunin gine-ginen, wato 5, ka ninka 24 sau 5, ka ɗauka da hoto 120 a sakan, abin da wayoyi da yawa suke iyawa. Idan aka maido shi 24 wajen tacewa, takun dodon zai yi nauyi, ƙurar kuma ta tashi a hankali. Wannan sauri yana buƙatar haske sosai, saboda haka ka ɗauka da rana a fili. Ka kwantar da wayar kusa da ƙasa tana kallon sama, ka sa ƙananan gidaje a gabanta, sararin sama na gaske ya zama bangon baya.

Jos ta taimake ka da abu biyu: sanyi da duwatsu. Duwatsun Shere da na Riyom fagen faɗa ne da ba ka kashe ko sisi wajen ginawa ba, sanyin hunturu kuma yana rage wa ɗan wasa wahala, ko da yake duk da haka ya kamata ya cire kan rigar bayan kowane minti 10 ya sha ruwa. Kada ka kusanci kududdufan tsohuwar haƙar kuza da mutum cikin rigar soso, domin suna da zurfi kuma soso yana shan ruwa. Kada ka kunna abin fashewa. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda kafin ka fito da mutane masu rufaffiyar fuska da makaman roba.

Wajen tacewa, manhajojin kwamfuta DaVinci Resolve da Blender kyauta ne, kuma sun isa su ƙara walƙiya da hasken makami. Sautin kuwa ka naɗa shi daban: dukan tsohon duro da aka rage masa sauri yana ba da takun dodo, jan buhun tsakuwa a siminti kuma yana ba da rugujewar bene.